BABI NA UKU: MAZAUNIN MANHAJOJI DA LABURARE A TSARIN JAKUNKUNAN UNIX DA LINUX

3.0 Shimfiɗa

A wannan babi za a yi nazarin yadda babbar manhajar kwamfuta take rarraba manhajoji da laburare a cikin jakunkunanta, tare da dalilan da suka sa aka ware wa kowane rukuni mazauninsa. An taƙaita nazarin ne a kan Unix da Linux, sannan aka kawo Windows da macOS da wasu 'yan tsare-tsare domin kwatance. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, daga cikin iyakokin da aka shata a tsakanin jakunkunan nan akwai waɗanda larurar wani zamani ce ta haifar da su, sun kuma kau da gushewar larurar, akwai kuma waɗanda aka gina a kan tambayar wane ne mai alhakin fayil, waɗannan kuwa su ne suka ɗore.

3.1 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Babbar manhaja ita ce wadda take tafiyar da na'urar baki ɗaya, take kuma bai wa sauran manhajoji damar yin aiki, kamar Unix da Linux da Windows. Manhaja kuwa, a wannan babi, ana nufin fayil ɗin da yake ɗauke da umarnin da na'ura za ta iya zartarwa idan aka kira shi da sunansa. Laburare shi ma fayil ne na umarni, sai dai ba a kiran sa kai tsaye. Tarin ayyuka ne da aka riga aka rubuta, waɗanda manhajoji daban-daban suke ara a lokacin da suke aiki, alal misali aikin buɗe fayil ko na matse bayanai. Jaka ita ce ma'ajiyar da ake tara fayiloli ko wasu jakunkuna a cikinta. A Unix dukkan jakunkuna suna rassa ne daga jaka guda ɗaya da ake kira tushe, wadda ake rubutawa da alamar /, saboda haka /usr/bin na nufin jakar bin da take cikin jakar usr da take cikin tushe. Ƙunshi kuma shi ne manhaja da duk fayilolin da take buƙata waɗanda aka haɗa wuri guda domin a girka su tare, a kuma cire su tare.

3.2 Dalilin Damuwa da Mazaunin Fayil

Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa za a damu da inda aka ajiye fayil, tun da na'ura tana iya karanta shi ko'ina yake? Amsar ita ce, na'ura ba ta bincika faifai gaba ɗaya idan aka ba ta umarni. Idan aka rubuta ls, mai karɓar umarni yana duba jerin jakunkunan da aka lissafa masa a cikin ma'aunin da ake kira PATH, ɗaya bayan ɗaya, kuma fayil na farko da ya tarar mai wannan suna shi zai zartar. Ke nan idan aka ajiye manhaja a jakar da ba ta cikin jerin, tamkar babu ita ne, idan kuma aka sami biyu masu suna ɗaya, wadda jakarta ta gabata ita za ta yi aiki, ko da kuwa ba ita ake nufi ba.

Bugu da ƙari, akwai wuraren da aka rubuta adireshin fayil ɓaro-ɓaro a cikin wani fayil. Dubban rubutattun umarni suna farawa da layin da yake nuni zuwa /bin/sh, kuma kusan kowace manhajar Linux ta na'urar x86 mai bit 64 tana ɗauke da adireshin /lib64/ld-linux-x86-64.so.2 a jikinta. Idan aka gusar da wannan fayil na biyu daga wurinsa, kusan babu manhajar da za ta sake tashi, har da umarnin da za a yi amfani da shi a mayar da fayil ɗin. Wannan ya nuna cewa mazaunin fayil alkawari ne a tsakanin wanda ya rubuta manhaja da wanda ya haɗa babbar manhaja da kuma wanda yake kula da na'ura.

3.3 Asalin Rabuwar /bin da /usr/bin

Ken Thompson da Dennis Ritchie da abokan aikinsu sun fara gina Unix a cibiyar binciken Bell da ke Amurka a shekarar 1969, a kan na'urar PDP-7, daga baya suka mayar da ita kan PDP-11. A farkon lamari tsarin mai sauƙi ne: manhajoji suna /bin, laburare suna /lib, jakar /usr kuwa ta masu amfani da na'ura ce, kowa da jakarsa a ciki. Faifan da ake aiki da shi a wancan zamani, wato RK05, bai kai megabait 3 ba. Kamar yadda Rob Landley ya bayyana a shekarar 2010, da manhajoji suka yi wa faifai na farko yawa sai aka kwashe rarar zuwa faifai na biyu, wanda aka jona a /usr, aka kuma sake buɗe jakunkuna masu irin sunayen na farko a can. Ta haka aka sami /usr/bin da /usr/lib. Daga bisani aka mayar da jakunkunan jama'a zuwa /home, aka bar /usr da sunan da ba ya nuna aikinsa.

Wannan rabo ya zo da wata ƙa'ida ta dole. Tun da sai na'ura ta tashi daga faifai na farko kafin ta jona na biyu, wajibi ne umarnin jona faifai da na gyara shi su kasance a faifai na farko. Daga nan ne aka sami ka'idar da aka daɗe ana koyarwa, cewa /bin da /lib na abubuwan da ake buƙata ne wajen tashin na'ura da ceto ta idan ta lalace, sauran kuwa su tafi /usr. Daɗin daɗawa, a shekarun 1980 an sami wani amfanin na daban, domin jami'o'i da ma'aikatu sun riƙa ajiye /usr guda ɗaya a babbar na'ura, ƙananan na'urori da yawa suna karanta ta ta hanyar sadarwa, kowace kuwa tana riƙe da ɗan ƙaramin tushenta.

3.4 Daidaitaccen Tsari na FHS

Bugu na 7 na Unix, wanda ya fito a 1979, ya zo da shafin bayani mai suna hier wanda yake fayyace aikin kowace jaka. Duk da haka, bayan fitowar Linux a 1991, masu haɗa nau'o'inta sun riƙa ajiye fayiloli kowa yadda ya ga dama, har ya zama manhajar da aka shirya wa wani nau'i ba ta aiki a wani. Domin magance wannan aka fitar da takardar daidaito mai suna FSSTND a watan Fabrairu na 1994. A 1997 aka faɗaɗa ta aka sauya mata suna zuwa FHS, bugu na 2.3 ya fito a 2004, na 3.0 kuma a 2015.

Takardar ta kasa fayiloli ta fuska biyu. Ta farko ita ce ko ana iya raba fayil a tsakanin na'urori ko kuwa na na'ura ɗaya ne kaɗai. Ta biyu ita ce ko fayil tabbatacce ne, wato ba ya sauyawa sai mai kula da na'ura ya sa hannu, ko kuwa mai sauyawa ne da kansa yayin aiki. Manhajoji da laburare tabbatattu ne kuma ana iya raba su, saboda haka mazauninsu /usr. Fayilolin saiti tabbatattu ne amma na na'ura ɗaya, sai aka ba su /etc, aka kuma hana ajiye manhajar da aka juya zuwa harshen na'ura a can. Masu sauyawa, irin su rajistar abubuwan da suka faru da layin takardun da suke jiran bugawa, suna /var. Amfanin wannan rabo shi ne ana iya kulle /usr ta zama ta karatu kawai ba tare da aikin na'ura ya tsaya ba.

3.4.1 Mazaunin Manhajoji

Bisa wannan takarda, /bin ta ƙunshi umarnin da kowa yake buƙata ko da ba a jona wani faifai ba, kamar cat da cp da ls da mount da sh, kuma ba a yarda a buɗe wata jaka a cikinta ba. Jakar /sbin ta manhajojin kula da na'ura ce, kamar fsck mai gyaran faifai. Jakunkunan /usr/bin da /usr/sbin su ne takwarorinsu ga duk abin da ba na tashin farko ba ne. Akwai kuma rukuni na uku, wato ƙananan manhajojin da ba mutum ne yake kiran su ba, wata manhaja ce take kiran su a bayan fage. Waɗannan bai kamata su shiga PATH ba, domin kada su cika jerin umarni ko a kira su bisa kuskure. Dangin BSD da Red Hat sun saba ajiye su a /usr/libexec, wasu kuma a wata jaka a cikin /usr/lib, kuma bugu na 3.0 ya amince da hanyoyin biyu.

3.4.2 Mazaunin Laburare

Laburare iri biyu ne. Akwai wanda ake kwafe shi a cusa a jikin manhaja tun lokacin harhaɗa ta, sunansa yana ƙarewa da .a, akwai kuma na tarayya, mai .so a sunansa, wanda kwafi ɗaya ne yake yi wa manhajoji da yawa hidima. Salon laburaren tarayya da ake bi a yau ya samo asali ne daga SunOS 4.0 ta 1988, Linux kuma ta rungumi tsarin ELF a tsakiyar shekarun 1990. Idan aka kira manhaja, wata 'yar manhaja da za a iya kira mai lodi ita take nemo laburaren da ake buƙata. Tana duba adireshin da aka rubuta a jikin manhajar idan akwai, da jakunkunan da aka lissafa a LD_LIBRARY_PATH, sannan ta duba jadawalin /etc/ld.so.cache wanda umarnin ldconfig yake ginawa, daga ƙarshe ta koma /lib da /usr/lib ko takwarorinsu na bit 64.

Sunan laburare shi ma wani ɓangare ne na adireshinsa. Alal misali, ainihin fayil ɗin laburaren matse bayanai yana iya zama libz.so.1.2.13, amma manhajoji suna neman libz.so.1 ne, wanda mahaɗi ne kawai mai nuni zuwa ainihin fayil ɗin. Matuƙar lambar farko ba ta sauya ba, ana iya sabunta laburaren ba tare da an sake harhaɗa manhajoji ba. Idan kuwa aka yi sauyin da zai karya tsofaffin manhajoji, sai a ƙara lambar, tsoho da sabo su zauna a jaka ɗaya. Wannan dabara ce ta sa aka iya yin ƙaura daga libc.so.5 zuwa libc.so.6 a ƙarshen shekarun 1990 ba tare da tsofaffin manhajoji sun mutu a dare ɗaya ba.

Zuwan na'urori masu bit 64 ya kawo wata matsalar, domin laburare ɗaya yana iya zuwa a siga biyu masu suna iri ɗaya. Red Hat da SUSE sun ajiye na bit 64 a /usr/lib64, suka bar na bit 32 a /usr/lib. Debian da Ubuntu kuwa sun buɗe wa kowane nau'in na'ura jakarsa, kamar /usr/lib/x86_64-linux-gnu, tsarin da ya shiga Debian 7 a 2013. Abin da bai danganci nau'in na'ura ba, kamar shafukan bayani da hotuna da fassarori, an keɓe masa /usr/share.

3.5 Iyakar Mallaka: /usr da /usr/local da /opt

Rabon da ya fi kowane muhimmanci ga mai kula da na'ura shi ne na mallaka. Jakar /usr, in ban da /usr/local, ta masu haɗa babbar manhaja ce, kuma manhajar kula da ƙunshi, irin su dpkg da rpm, ita take riƙe da lissafin kowane fayil da yake ciki. Idan mutum ya kwafa manhajarsa da hannu zuwa /usr/bin, ba ta cikin wannan lissafi, saboda haka ranar da aka girka ƙunshi mai fayil irin sunanta za a rubuta a kanta ba tare da gargaɗi ba. Abin ya fi muni idan laburare ne. Wanda ya musanya laburaren da yake /usr/lib da wani sabo da ya harhaɗa da kansa ya taɓa duk manhajojin da suka dogara da shi a lokaci guda, ciki har da manhajar kula da ƙunshin da zai nemi taimakonta wajen gyara.

Saboda haka ne aka ware /usr/local ga mai kula da na'ura. FHS ta tanadi cewa bayan girka babbar manhaja a bar ta babu komai sai jakunkunan da aka tsara, kamar bin da lib da share, kuma sabunta babbar manhaja ba zai taɓa ta ba. Manhajojin da suke bin tsarin harhaɗawa na GNU a nan suke girka kansu idan ba a ba su wani adireshi ba, kuma yawanci /usr/local/bin tana gaban /usr/bin a cikin PATH domin zaɓin mai na'ura ya rinjaya. Sai dai akwai abin lura, Debian tana sa /usr/local/lib a cikin wuraren da mai lodi yake dubawa, Fedora kuwa ba ta sa shi tun asali, wanda hakan kan sa manhaja ta girku lafiya amma ta ƙi tashi saboda ba a ga laburarenta ba.

Jakar /opt, wadda aka gada daga Unix System V, ta ƙunshin kamfanoni ce da sauran na waje. Bambancinta da /usr/local shi ne ba a warwatsa fayiloli bisa nau'insu, kowane ƙunshi yana da jakarsa guda mai ɗauke da manhajojinsa da laburarensa, saitinsa yana /etc/opt, bayanansa masu sauyawa suna /var/opt. Mutumin da ba shi da ikon kula da na'ura kuma yana iya ajiye nasa a .local/bin da take cikin jakarsa ta gida.

3.6 Haɗe Tushe da /usr

Ka'idar da ta raba /bin da /usr/bin ta raunana saboda dalilai uku. Na farko, faifai ya yi girman da batun ƙarancin wuri ya kau. Na biyu, Linux ta koma tashi da wani ɗan ƙaramin tsarin fayiloli na wucin gadi mai suna initramfs, wanda yake jona tushe da /usr kafin komai ya fara, wato ya karɓe aikin da /bin take yi a da. Na uku, ka'idar ta zama mai wuyar kiyayewa, domin manhajar da take /bin takan dogara da laburare ko bayanan da suke /usr, ta yadda tushe shi kaɗai ba ya iya tayar da na'ura yadda ake zato.

Solaris ta daɗe da mayar da /bin mahaɗi zuwa /usr/bin. A ɓangaren Linux, Fedora 17 ta haɗe jakunkunan a 2012, inda /bin da /sbin da /lib da /lib64 suka zama mahaɗai zuwa takwarorinsu na /usr. Arch Linux ta kammala nata a 2013, har ta narkar da sbin a cikin /usr/bin. Debian 12 ta 2023 ba ta amince da rababben tsari ba, a ƙarshen wannan shekara kuma bugu na 255 na systemd ya daina tallafa masa. Tsofaffin adireshi suna nan suna aiki ta hanyar mahaɗai, don haka alkawarin da aka ambata a 3.2 bai karye ba. Abin lura a nan shi ne, wannan gagarumin sauyi bai taɓa /usr/local ko /opt ba ko kaɗan. Su kuwa dangin BSD, irin su FreeBSD, sun ci gaba da raba /bin da /usr/bin, suna kuma girka duk ƙunshin da ba na ainihin babbar manhaja ba a /usr/local.

3.7 Kwatance da Wasu Tsare-tsare

Windows ta bi hanyar da ta fi kama da /opt, domin tun Windows 95 kowace manhaja tana da jakarta a cikin Program Files. Amma a shekarun 1990 masu girka manhaja sun riƙa zuba laburarensu na DLL a jakar babbar manhaja, wani ya rubuta a kan na wani, manhajar da take aiki jiya ta wayi gari ba ta aiki. Wannan shi ne sakamakon rashin iyakar mallaka, kuma Windows XP ta 2001 ta zo da ma'ajiyar WinSxS domin siga daban-daban na laburare ɗaya su zauna gefe da gefe. A macOS kuma, manhaja jaka ce mai ƙarewa da .app wadda take ɗauke da laburarenta, salon da aka gada daga NeXTSTEP. Tun 2015 Apple ta kulle /usr ta yadda ko mai cikakken iko ba ya iya rubutu a ciki, amma ta bar /usr/local a buɗe. NixOS ta wuce nan, domin kowane ƙunshi yana da jakarsa a /nix/store mai suna na musamman da aka lissafo daga duk abin da aka gina shi da shi.

Kowace hanya tana da riba da hasara. Tara laburare a wuri ɗaya yana rage cin wuri, kuma idan aka gano ɓaraka ta tsaro a wani laburare, gyara ɗaya ya wadatar da dukkan manhajoji. Barin kowace manhaja da nata kuwa yana hana rikici a tsakaninsu, amma sai an bi kowane kwafi an gyara shi daban.

3.8 Naɗewa

A wannan babi an nuna cewa rabuwar /bin da /usr/bin ta samo asali ne daga ƙarancin faifai a farkon shekarun 1970, daga baya aka mayar da ita ƙa'ida, sannan manyan nau'o'in Linux suka rushe ta daga 2012 zuwa 2023. An kuma nuna cewa iyakar da take tsakanin abin da masu haɗa babbar manhaja suka mallaka da na mai kula da na'ura da na kamfanonin waje ta ɗore, har wasu tsare-tsare sun ƙara mata ƙarfi. Saboda haka, kafin a ajiye manhaja ko laburare, tambayoyin da suka kamata a amsa su ne: wane ne zai sabunta fayil ɗin, wane ne zai kira shi, kuma ko ya danganci nau'in na'ura. Abin da ya zo ta hannun manhajar kula da ƙunshi mazauninsa /usr, abin da mai na'ura ya harhaɗa mazauninsa /usr/local, cikakken ƙunshi na waje kuwa /opt. A babi na gaba za a duba yadda izinin karatu da rubutu da zartarwa yake kare waɗannan jakunkuna.